Akwatin Da Ke Sauraron Maganar Waya

Edita ya ce kowane ɗan ajin ƙarshe ya kawo wani abu guda da ya koyo a wurin gwajin koyarwa. To, ni nawa ba gaban allo na koyo shi ba. A kan tebur ne da dare, wajen wani agogo da ya ƙi mini aiki har mako biyu, ya kusa sa ni in ci mutuncin wanda bai yi mini laifin kome ba.

An tura ni wata makarantar firamare a gindin dutsen Kagoro. Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a bishiyar mangwaro. Yaron da ke buga ta kullum sai ya bar darasi ya je ofis ya dubo lokaci, saboda haka shi ne koma baya a lissafi. Na ce wa hedimasta ni zan haɗa musu agogo mai busa ƙaho da kansa. Na kwashe guzurina na aika Kaduna, aka sayo mini allon Arduino Uno, da ɗan agogon lantarki mai suna DS3231, da ƙaho da batir. Na haɗa, na rubuta umurni, na kunna. Sai agogo ya ce ƙarfe 165 da minti 165! Yara suka yi ta dariya. Na sake wayoyi, na sake batir, bai sake zani ba. Daga nan na yanke cewa mai kanti ya sayar mini da mataccen kaya, har na shirya baƙar maganar da zan aika masa.

Ran Asabar na komo kwaleji na kai kuka wurin malaminmu na kimiyya. Ya saurara har na gama, kāna ya ce, "Ka ji abin da allon ya faɗa wa agogon?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya za a ji maganar waya?" Sai ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani ɗan akwati, bai fi kwalin ashana ba. Ya ce sunansa lojik analaiza. Shi ne zan ba ku labarinsa: jikinsa, da horon da a ke ba shi, da ƙa'idar maganarsa da kwamfuta.

Magana da i da a'a

Mu da mu ke zaune kusa da garin da a ke kira Gidan Waya bai kamata maganar waya ta zame mana baƙuwa ba. Tun 1844 Samuel Morse ya aika saƙo ta waya daga Washintan zuwa Baltimo a Amurka, ba da murya ba, sai da sakin wuta da tsai da ita. Haka ma'aikatan reluwe su ka riƙa buga wa juna waya daga tasha zuwa tasha, bayan da Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgi a 1927, inda hanyar Jos ta rabu da wadda ta taso daga Fatakwal zuwa Kaduna. Akawun waya ya kan kasa kunne, ya ji gajeren bugu da dogon bugu, ya mai da su haruffa a takarda.

Na'urorin yau ma haka su ke magana da juna. Waya ko dai tana da wuta, mu ce 1, ko babu, mu ce 0. Kowane 1 ko 0 sunansa bit, takwas ɗinsu kuwa bait ɗaya ke nan. Bambancin kawai sauri ne. Akawu ya kan buga kalmomi kaɗan a minti, amma allona da agogona suna bugu 100,000 a sakan guda. Ba kunnen da zai kama wannan. Mitar masu gyaran rediyo ma ba ta iyawa, sai ta nuna maka wata lamba tsaka-tsaki wadda ba ta gaya maka kome. Don haka a ka ƙago akawun da ya fi su sauri. Kamfanin Hewlett-Packard ya fito da irin wannan na'ura a 1973, tana duban waya biyu kacal, tana nuna amsa da jerin 'yan fitilu. Ta malaminmu tana duban waya takwas, ta kai labari ga kwamfuta ta igiyar USB.

Jikinsa

Malam ya yarda na buɗe shi. A gefe ɗaya akwai bakin USB. A ɗaya gefen akwai 'yan tsinkayen ƙarfe, takwas na sauraro, da na wayar ƙasa. Ciki kuwa abubuwa huɗu ne manya.

Na fari, mai gadin ƙofa. Wata 'yar baƙar ƙwaya ce mai ƙafafu, irin wadda masu gyaran waya ke kira aisi, lambarta 74HC245, da 'yan rezistoci a gabanta. Aikinta ta karɓi abin da ya shigo daga waje ta miƙa shi ciki a tsabtace. In an yi ganganci, ita ce ta kan fara ƙonewa, ta tsirar da na bayanta.

Na biyu, babbar aisi, CY7C68013A, wadda a ke kira FX2, ƙirar kamfanin Cypress na Amurka, wanda Infineon na Jamus ya saye a 2020. Ita ce zuciyar akwatin. A wurinta wutar da ta haura folt 2 ita ce 1, wadda ta kasa folt 0.8 ita ce 0. Ku lura da wannan da kyau: ba ta san folt 3 da folt 5 dabam ba, duka 1 ne. Ba ma'aunin ƙarfin wuta ba ce, i da a'a kaɗai ta sani.

Na uku, kiristal, wani ɗan gwangwani mai ƙyalli wanda ke kaɗawa sau miliyan 24 a sakan. Shi ne makaɗin da kowa ke bin kiɗansa. Aisin ta kan ninka wannan kiɗa a cikinta ya zama miliyan 48.

Na huɗu, wata ƙaramar ma'ajiya wadda ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta. Abin da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai: lambar kamfani da lambar kaya, watau katin shaidar akwatin.

Ga yadda ya ke aiki. A kowane bugu ya kan dubi wayoyin nan takwas gaba ɗaya, ya rubuta halin kowace, 1 ko 0, ya zama bait ɗaya. Iyakar saurinsa duba miliyan 24 a sakan. Tsakanin duba da duba, haske kansa bai fi tafiyar mita 12 da rabi ya yi ba. Amma abin da ya faru tsakanin duba biyu, akwatin bai gan shi ba. Kamar malamin da ke leƙa aji sau ɗaya a awa ne: yaro na iya fita ya komo, malam ya rantse bai motsa ba. Saboda haka dole dubanka ya fi abin da ka ke duba sauri, aƙalla ninki biyu bisa lissafi, amma masu aikin sun fi son ninki huɗu zuwa goma.

Horonsa

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, akwatin nan kullum jahili ya ke kwana. A cikin FX2 akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa irin ta 8051, wadda asalinta ƙirar kamfanin Intel ce, da wurin ajiye umurni mai cin kilobait 16. Amma wurin nan kamar allon aji ne da a ke gogewa kowace yamma: da an zare igiya, kome ya tafi. Umurnin da a ke rubuta wa na'ura a cikinta don ta san aikinta shi a ke kira famwaya. Na wannan akwati a kwamfuta ya ke zaune, kullum sai an sake ba shi.

In ka soka igiya, kwamfuta ta tambaye shi, "Wane ne kai?" Ya karanto katin shaidarsa. Kwamfuta ta gane shi, sai ta aika umurnin da ke tsai da ƙwaƙwalwar cik, ta rubuta mata darasinta kashi kashi, sa'an nan ta sake ta. Da ƙwaƙwalwar ta farka da sabon ilmi, sai akwatin ya yi kamar an zare shi, ya sake gabatad da kansa, alhali ba wanda ya taɓa igiyar. Duk wannan bai fi 'yan sakan kaɗan ba.

Famwayar da mu ka yi aiki da ita sunanta fx2lafw. Masu aikin sigrok ne su ka rubuta ta, mutanen ƙasashe dabam dabam masu aikin sa kai, su ka bar ta kyauta, kowa ya karanta, ya gyara in ya iya. Su ne kuma su ka yi PulseView, manhajar da ke zana abin da a ka gani a fuskar kwamfuta.

Wani zai ce ashe ƙwaƙwalwar nan ce ke duban wayoyin. A'a, ba ta da wannan sauri. Umurni miliyan 12 ne iyakarta a sakan, ga shi kuwa ana son bait miliyan 24. Akwai wani sashe dabam a cikin aisin, sunansa GPIF, shi ke kwasar abin da ke kan wayoyi yana zubawa kai tsaye a rumbun jiran tafiya. Ƙwaƙwalwar kamar shugaban tasha ta ke. Ba ya ɗaukar buhu ko ɗaya. Ya juya layi, ya ɗaga tuta, ya koma gefe.

Ƙa'idar maganarsa

Kowace magana tana da ƙa'ida: wa zai fara, wa zai amsa, me za a ce in ba a ji ba. Masana na kiran wannan furotokol. A nan iri biyu ne, kada mu gauraya su. Akwai wadda akwatin ke yi da kwamfuta, akwai kuma wadda ya ke saurara a kan wayoyi.

Mu fara da ta kwamfuta. USB ta fito a 1996, ta biyu mai sauri kuwa a 2000, tana ɗaukar bit miliyan 480 a sakan. Igiyarta waya huɗu ce, biyu na wuta mai folt 5, biyu na magana. Babbar dokarta ita ce kwamfuta kaɗai ke fara magana. Na'ura ba ta cewa uffan sai an tambaye ta.

Kafin in ci gaba, sai kun san yadda littattafan wannan fanni ke rubuta lamba. Suna ƙirga sha shida sha shida ne. Bayan 9 sai A, B, C, D, E, F, watau 10 har 15. Ka ninka ta hagu sau 16, ka ƙara ta dama. Misali, B1 shi ne 11 sau 16 da 1, watau 177.

Umurnan da fx2lafw ta sani 'yan kaɗan ne. B0 na nufin, "Wace fitowar famwaya ce a cikinka?" B1 na nufin, "Fara." Tare da B1 a kan aika bait uku. Na farko ya faɗi wane kiɗa za a bi, na miliyan 48 ko na miliyan 30, kuma waya takwas za a duba ko sha shida. Sauran biyun su faɗi bugu nawa za a jira tsakanin duba da duba. In an ce jira 1, miliyan 48 a raba biyu, duba miliyan 24 ke nan. In an ce jira 47, a raba 48, duba miliyan ɗaya ke nan.

Daga nan sai kaya su yi ta kwarara, a ƙunshi ƙunshi, kowane ƙunshi bait 512. Ba a rubuta lokaci a jikinsu. Kwamfuta ta san saurin da ta umurta, don haka in ta ƙirga bait ta san lokaci. Ko jiran wata alama kafin a fara nunawa, kwamfuta ce ke yinsa, ba akwatin ba.

A nan ne rauninsa ya ke. Rumbun jiran nan bait 4,096 kaɗai ya ke ci. Ku raba da miliyan 24, za ku ga ya kan cika cikin kashi ɗaya daga kashi 6,000 na sakan, ko kusa da haka. Ku ɗauka dandamalin tasha ne da ba ya cin fiye da tarago takwas na buhunan citta, ga motoci na ta sauke wasu daga Kachia da Kwoi ba tsayawa. In jirgi ya makara kaɗan, ba wurin sa sabon kaya. Haka in kwamfuta ta shagala da wani aiki, ko an haɗa akwatin a baki ɗaya da wata na'ura mai yawan surutu, sai aikin ya yanke a tsakiya. Maganinsa kada ka yi haɗama. Duba miliyan 24 ya kan tara bait miliyan 1,440 a minti guda. In miliyan ɗaya ya ishe ka, tsaya a nan.

Abin da mu ka gani

Yanzu mu komo ga agogona. Shi da allon suna magana da ƙa'idar I2C, wadda kamfanin Philips na Holan ya fito da ita a 1982. Waya biyu ce. Ɗaya, SCL, ita ce makaɗi. Ɗaya, SDA, ita ke ɗauke da magana. In allo zai fara, ya kan sauke SDA ƙasa alhali SCL na sama, sallama ke nan. Sa'an nan ya kira lambar wanda ya ke nema da bit bakwai, ya ƙara bit na takwas mai cewa rubutu zai yi, 0, ko karatu, 1. A bugu na tara sai ya saki wayar ya saurara. In mai lambar yana nan, ya ja wayar ƙasa, watau, "Na'am." In ba kowa, wayar ta zauna a sama. Daidai da kiran suna a rajista da safe.

Mu ka maƙala wayar ƙasa ta akwatin ga ta allon, domin in babu ita ba abin da za a gwada wuta da shi. Tsinke na farko mu ka sa a A4, inda SDA ta ke, na biyu a A5, inda SCL ta ke. Mu ka zaɓi duba miliyan ɗaya, ninki goma na saurin maganar. Na danna. Sai ga layi biyu a fuskar kwamfuta suna hawa suna sauka kamar haƙoran zarto. Malam ya hana ni kiran mai fassara na PulseView tukuna, ya ce in karanta da idona. Na bi kowane hawan SCL ina duban SDA: 1, 0, 1, 0, 0, 0, 0, 0. A na tara, waya na sama. Ba wanda ya amsa.

Bit bakwai na farko, 1010000, su ne 64 da 16, watau 80. Lambar DS3231 kuwa 1101000 ce, 64 da 32 da 8, watau 104, wadda littattafai ke rubutawa 68. Da mu ka kunna mai fassara, shi ma 50 ya rubuta, 5 sau 16, tamanin ɗin nan dai. Ashe mako biyu allona na tsaye a ƙofar wani gida yana sallama, agogo na zaune lafiya lau a nasa, ba a kira shi ba.

Ina 80 ta fito? Daga hannuna. Na kwafo D0, watau 208, daga wata takarda ban fahimce ta ba. Ita 208 lambar agogon ce haɗe da bit na takwas, 11010000. Manhajar Arduino kuwa bit bakwai ta ke so, ita ke tura su hagu ta ƙara na takwas da kanta. Da ta tura tawa, 1 na farko ya faɗo waje, saura 10100000. Ita kuma 165 da ta ba yara dariya, tun da ba amsa, allon ya ɗauki 1 takwas a jere, rabi 15 rabi 15, lissafina ya mai da su goma sha biyar sau goma da sha biyar. Na goge D0 na sa 68. A bugu na tara sai waya ta faɗi ƙasa. Agogo ya ce ƙarfe 9 da minti 40, agogon hannun malam ma haka.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Saƙon da na shirya wa mai kanti na goge shi, na gode Allah da ban aika ba. Ran Litinin ƙaho ya busa ƙarfe 8 daidai, yaron ƙararrawa kuwa ya zauna a darasin lissafi tun daga farko har ƙarshe. Da na karɓi littafinsa, ban tsaya ga jan layi a kan amsa ba, na bi aikinsa mataki mataki. Na tarar wuri ɗaya ne ya ke ɓata, wajen aro a ɗebewa, darasin da a ka yi yana ofis yana duban agogo.

Gargaɗi

Wanda zai ari akwatin nan ya riƙe abu uku. Kada ya kusanci wutar gida mai folt 230 da shi, ko batirin sola mai folt 12, iyakarsa folt 5. Kuskure a nan zai ƙone akwatin da kwamfuta, wutar gida kuwa har mai riƙe da shi. Ya fara maƙala wayar ƙasa kafin sauran. Kuma ya tuna akwatin sauraro kaɗai ya ke yi, ba ya gyara kome, ba ya kuma gaya maka ko wutar ta yi rauni. Wannan aikin mita ne.

Ba sai da kwamfuta za a fara koya wa yara wannan ba. Ni na tsai da yara takwas a gaban aji, na rataya musu 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Wanda ya ɗaga hannu 1 ne, wanda ya sauke 0 ne. Wani ya buga ganga, a kowane bugu sauran su rubuta abin da su ka gani. Kafin tashi har 'yan aji biyar suna aika wa juna shekarunsu.

Tambayoyi

1. Rubuta 104 da 208 da 1 da 0. Mene ne ya haɗa su?
2. Mai da A0 da 3C zuwa lambobinmu na kullum.
3. Da kiɗan miliyan 48, jira nawa za a umurta don a sami duba miliyan 4 a sakan?
4. In ana duba miliyan ɗaya a sakan, cikin wane lokaci rumbun bait 4,096 zai cika?
5. Don me akwatin ke gabatad da kansa sau biyu in an soka shi?

Wanda ya gama ya kai amsarsa wurin Edita. Wanda kuma ya ke son gani da idonsa ya same ni a ɗakin kimiyya ran Laraba bayan cin abincin rana, malam ya yarda mu yi aiki da akwatin har ƙarfe 5.